Wa Zai Matsa wa Baƙo a Benci? Halin da Ƙungiyoyin Mawaƙa na Majami'un Arewa Ke Ciki

Da la'asar sakaliya a tsakiyar mako, a unguwanni da dama na Jos, Kafanchan, Biliri, Numan ko Zuru, akwai sautin da mazauna wurin suka saba da shi har ba sa ɗaga kai. Tulu na bugawa da amo mai zurfi, kacau-kacau na biye da shi, sai muryar mace ɗaya ta ɗauko baiti, sauran su amsa baki ɗaya. Zumuntar mata ce ke bitar waƙar ranar Lahadi.

In sun tashi, 'yan kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a, su shigo da littattafansu a hammata. Mata su zauna a gaba, maza a baya. Mai koyar da waƙa ya ba kowane sashe muryarsa, a maimaita layi ɗaya har sai ya zauna.

Mai lura zai ga wani abu kuma. Sau da yawa akwai wani a tsaye daga bakin taga, ko a zaune can bencin ƙarshe, yana motsa leɓe tare da masu waƙar. Ɗalibi ne da ya zo karatu, ko amaryar da aka kawo unguwar, ko uwar da rikici ya koro daga ƙauyensu. Ya san waƙar, yana da murya, yana kuma so ya shiga. Abin da bai sani ba shi ne wa zai tambaya, me za a nema a wurinsa, da kuma ko ana son irinsa.

Da yawa daga irin waɗannan mutane sukan zo sau ɗaya ko biyu, su juya shiru. A lokaci guda kuma shugabannin mawaƙa suna kukan cewa sahu na raguwa, furfura na yawa, sashen maza ya kusa zama kango. Waɗannan koke-koke biyu tushensu ɗaya ne, kuma shi ne abin da wannan rahoto ya bi diddigi.

Amshi ya girmi littafi

Waƙar taro tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan. Yawancin manyan makaɗan Hausa ba su tsaya su kaɗai ba. Narambaɗa, Ɗanƙwairo da Mamman Shata duk da 'yan amshinsu suka yi suna. Barmani Coge da matan da ke kaɗa mata ƙwarya sun nuna yadda amada ke haɗa mata wuri guda. 'Yan mata na gaɗa a dandali, manoma na waƙa a gayya, ɗaliban Islamiyya na rera ƙasidu tare lokacin Mauludi, mabiya Ƙadiriyya na zikiri da bandiri. Haka abin yake a tsakanin Birom, Angas, Bajju, Tangale, Bacama da Bura: ɗaya ya bayar, jama'a su karɓa.

Abin da Turawan mishan suka kawo wani tsari ne na daban. A ƙarshen 1893 matasa uku, Rowland Bingham, Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankin a lokacin. Daga yunƙurinsu aka samu mishan ta SIM, wadda ta haifi ikilisiyar ECWA a 1954. Karl Kumm na mishan ta SUM ya isa Wase a 1904, kuma daga aikin wannan mishan COCIN ta fito. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya daga 1905, kafin tashar ta koma Wusasa a wajen 1929. Mutanen Denmak sun kafa tasha a Numan a 1913, mishan ta 'Yan'uwa daga Amurka ta sauka Garkida a 1923, SIM kuma ta shiga Damagaram a 1924.

Duk inda suka sauka da waƙoƙinsu suka zo. An fassara waƙoƙin sujada na Ingila da Amurka zuwa Hausa, aka tattara su cikin Littafin Waƙoƙi, wanda har yau yake hannun masu sujada. Fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 ta ƙara kafa harshen a majami'a.

Tare da littafin aka kawo raba murya gida huɗu: sofrano da alto ga mata, teno da bes ga maza. Aka kuma kawo hanyar koyarwa ta do-re-mi, wadda wata malama a Ingila, Sarah Glover, ta fara, John Curwen ya yaɗa ta a tsakiyar ƙarni na 19. Da ita malamin ƙauye da bai taɓa ganin piyano ba zai iya rubuta karin waƙa a allo da alli, ya koya wa mutum arba'in.

Ranar da tulu ya shiga majami'a

Tsarin ya zo da matsalarsa. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon wasali da gajere. Karin da aka tsara don Turanci yakan ɗaga inda Hausa ke sauka, ya ja inda take taƙaitawa. Waƙar ta fito da daɗin ji, amma kalmomin sun karkace. Ga shi kuma mishan da yawa sun hana ganga da rawa a farko, don suna danganta su da bautar gargajiya.

Mata ne suka fi taka rawa wajen sauya wannan. A ƙungiyoyin zumuntar mata aka riƙa ƙaga sabbin waƙoƙi da karin gida, ana ɗauko labari daga Littafi Mai Tsarki ko daga zaman aure da tarbiyya, ana rerawa da salon bayarwa da amsawa. Tulu, ƙwarya, kuge da kacau-kacau suka samu wuri a gaban bagadi. A farkon shekarun 1960 aka fara yunƙurin Sabon Rai Don Kowa, wanda ƙungiyoyinsa na waƙa suka bazu birni da ƙauye da kayan kiɗan gargajiya. Ɗakunan ɗaukar murya irin na Muryar Bishara a Jos sun kai waɗannan waƙoƙi gidajen da ba su taɓa jin su ba ta rediyo, daga baya kaset ya ɗauka.

Hausa ce ta ɗaure wannan tsintsiya. A jihar Filato kaɗai ana magana da harsuna fiye da arba'in. Mutumin Langtang da na Pankshin, Bamargiya da Bakilbiya, ɗan Zonkwa da Bahaushen Kirista daga karkarar Kano ko Katsina, ba su da harshen da za su yi waƙa tare sai Hausa. Shi ya sa sunayen wasu manyan ikilisiyoyi da kansu na Hausa ne: Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, wato TEKAN, da aka kafa a 1955, da Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN. A Maraɗi, Tsibiri da Galmi ma da Hausa ake waƙar sujada.

Ke nan tun asali ƙungiyar mawaƙa wuri ce da baƙi ke zama 'yan gida. Wannan shi ne babban aikinta a cikin al'umma, ko da ba a rubuta shi a tsarin mulkinta ba.

Baƙi sun fi na kowane zamani yawa

A da mutum yakan shiga kwayar da uwarsa ta yi waƙa a ciki. An san shi tun yana makarantar Lahadi, an san muryarsa tun kafin ta fashe. Babu buƙatar a yi masa bayani.

Yau labarin ya sauya. Rikicin Kaduna na shekarar 2000 ya raba birnin kusan gida biyu, iyalai suka bar unguwannin da suka daɗe a ciki. Jos ta ga irin wannan a 2001, 2008 da 2010. Hare-hare a kudancin Kaduna da ƙauyukan Filato sun tura dubban mutane garuruwan da ba nasu ba.

A arewa maso gabas abin ya fi muni. Yawancin 'yan matan Chibok sama da 270 da aka sace a Afrilun 2014 'ya'yan EYN ne. A Oktoban wannan shekara mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi, kusa da Mubi, shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. An ƙona ɗaruruwan majami'u. Mutanen Gwoza, Madagali da Michika suka watsu zuwa Yola, Jos, Abuja da sansanin Minawao a Kamaru.

Abin lura shi ne waƙa na cikin abubuwan farko da waɗannan mutane suka farfaɗo da su. Matan da suka rasa gida da gona sun sake haɗa zumunta a wuraren da suka samu mafaka. A 2015 mawaƙan zumuntar matan EYN sun yi rangadi a Amurka, suka rera waƙoƙinsu a babban taron shekara na ikilisiyar 'Yan'uwa a birnin Tampa, a daidai lokacin da garuruwansu ke kufai.

Ban da gudun hijira, akwai ƙaurar yau da kullum: ɗaliban jami'o'i da kwalejoji, masu yi wa ƙasa hidima, ma'aikatan da aka sauya wa wurin aiki, sojoji da 'yan sanda da iyalansu a bariki, matasan da suka bar noma suka shigo birni neman abin yi. Kowace Lahadi ana cewa baƙi su miƙe a gaishe su. Ana tafa musu, ana yi musu waƙar maraba. Abin da ke biyo bayan tafin ne ba a cika tsarawa ba.

Abubuwan da ke tare ƙofa

Na farko shi ne rashin bayani. Ranar bita da lokacinta suna cikin kan tsofaffin 'yan ƙungiya. In an ɗaga ko an sauya wuri, su kaɗai ke ji. Sanarwar da ake karantawa a ƙarshen sujada takan ambaci taron kwaya kamar kowa ya san inda ake yi. Baƙo ya zo ranar da ya ji, ya tarar da ƙofa a kulle, ya ɗauka ba a son shi.

Na biyu shi ne kuɗi. Akwai kuɗin rajista, kuɗin wata, tarar makara, gudummawar biki da ta rasuwa. Sama da duka akwai anko. Zumuntar mata na da zanenta mai tambarin ikilisiya, kwaya na da rigarta, kuma taron gunduma ko bikin Kirsimeti kan zo da sabon yadi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a shekarar da ta biyo baya, kuɗin a-daidaita-sahu zuwa bita sau biyu a mako ya zama abin lissafi. Uwar da ke tunanin mudun masara ba za ta faɗa wa kowa cewa anko ne ya hana ta zuwa ba. Za ta ce aiki ne ya yi mata yawa.

Na uku shi ne tsaro da lokaci. A garuruwan da aka sha dokar hana fita, an dawo da bita zuwa rana tsaka ko la'asar, lokacin da ma'aikaci da ɗan kasuwa ba su tashi ba. Inda aka bar ta da dare, iyaye ba sa barin 'ya'ya mata su fita. Su kansu 'yan ƙungiyar, bayan shekarun da aka kai wa majami'u hari, sun koyi yi wa baƙuwar fuska kallon tuhuma. Ba za a zarge su ba, amma baƙon da aka tare da tambayoyi a ƙofa ba tare da murmushi ba, da wuya ya dawo.

Na huɗu shi ne harshe. Majami'u da yawa a birane suna da sujada biyu, ta Turanci da ta Hausa, kowace da mawaƙanta. Yaron da ya tashi a makarantar kuɗi yana jin Hausa amma ba ya iya karanta ta da sauri. Dattijuwar da ta zo daga ƙauye tana da waƙa ɗari a ka amma ba ta karatu ko kaɗan. In aka miƙa wa kowannensu littafi aka ce a buɗe lamba kaza, an kunyata su ba da niyya ba.

Annobar korona ta ƙara nata. Daga ƙarshen Maris na 2020 an rufe wuraren ibada na tsawon makonni, a jihar Kaduna ma watanni. Da aka buɗe, ba duk wanda ya saba zuwa bita ne ya dawo ba.

Kibod da makirfo

Akwai kuma sauyin da ya shafi kiɗan kansa. Daga shekarun 1980 zuwa yau, majami'un Fentikos da mawaƙan bishara na zamani sun kawo wani salo: jita, kibod, gangunan Bature, lasifika, da mutum biyar ko shida a gaba riƙe da makirfo. Panam Percy Paul ya buɗe wannan hanya daga Jos, mawaƙa irin su Jeremiah Gyang da Solomon Lange suka nuna cewa Hausa na zama daram a kan kiɗan zamani. Matasa sun rungumi wannan, kuma suna da hujja. Waƙoƙin suna da daɗi, suna kuma kai saƙo inda tsohon littafi bai kai ba.

Sai dai bambancin tsarin yana da tasiri a kan baƙo. Kwaya na iya ɗaukar mutum hamsin ko tamanin, mai ƙaramar murya ya jingina da na kusa da shi har ya ƙware. 'Yan band kuwa gurbinsu ƙididdigagge ne, makirfo ba ya ɓoye kuskure, sai wanda ya riga ya iya ake ba shi. Inda band ta maye gurbin kwaya gaba ɗaya, masu yin waƙa sun ragu, masu kallo sun ƙaru.

Dattawa na kukan cewa ƙarar lasifika ta danne muryar jama'a, kuma in wuta ta ɗauke janareto ya ƙi tashi, sujada takan tsaya cak. Matasa na mayar da martani cewa dattawan ne suka rufe musu ƙofa: shugabanci ba ya sauyawa shekara da shekaru, sabuwar waƙa sai an yi ta kai ruwa rana kafin a karɓa, dokokin sutura da tara sun fi koyarwa yawa. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa.

A tace ko a buɗe?

Tsakanin masu koyar da waƙa ma akwai saɓani. Wasu na ganin waƙar sujada baiko ce, ba a kai wa Allah abin da aka yi da ganganci. A wurinsu dole a gwada muryar mai son shiga, a ba shi watanni yana bita kafin ya tsaya gaban jama'a, a kuma binciki halinsa, tunda ɗan kwaya fuskar ikilisiya ne. Suna nuni da gasar mawaƙa ta gunduma da ta yanki, inda murya ɗaya da ta kauce kan jawo wa ƙungiya faɗuwa.

Wasu kuma na cewa kwayar unguwa makaranta ce. Yawancin waɗanda ake alfahari da muryarsu yau sun shigo ne ba su san do daga re ba. In an tsaya sai gwani, daga ina gwanin zai fito?

Idan aka duba da kyau, ra'ayoyin biyu ba su kai nisan da ake zato ba. Ko masu tacewa ba sa son benci ya zama fayau, ko masu buɗewa ba sa son waƙa ta watse ranar Lahadi. Abin da ke cutarwa shi ne gwajin da ake yi a bainar jama'a, a ce wa baƙo ya miƙe shi kaɗai ya rera, 'yan baya na ƙunshe dariya. Za a iya sauraron murya a keɓe, a gaya wa mutum sashen da ya dace da shi, a bar shi ya yi bita tare da kowa tun ranar farko, tsayawa gaban jama'a kuma ya jira lokacinsa. Inganci bai faɗi ba, mutunci bai zube ba.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Matsalar ba ta Arewa kaɗai ba ce. A yankin Wales na Birtaniya, ƙungiyoyin mawaƙa maza sun tashi ne daga garuruwan masu haƙar kwal da ƙananan majami'u. Da aka rufe ramukan kwal, matasa suka watse, ƙungiyoyi da dama suka tsufa tare da 'ya'yansu, wasu suka rushe.

A Birtaniyar dai aka ga akasin haka. Ƙungiyar Rock Choir, wadda Caroline Redman Lusher ta kafa a 2005, ta tara dubban mutane a garuruwa masu yawa bisa sharaɗi mai sauƙi: babu gwajin murya, ba sai ka iya karanta rubutun kiɗa ba, kuma kana iya zuwa ka ɗanɗana kafin ka yanke shawara. A Amurka, wani bincike na 2019 ya ƙiyasta cewa mutum sama da miliyan 50 ne ke waƙa a ƙungiya. A nan gida ma, a Disambar 2014 mutum fiye da dubu 25 sun taru a Uyo suka rera waƙoƙin Kirsimeti tare, har suka shiga kundin tarihi na Guinness. Sha'awar waƙar taro ba ta mutu ba.

Masana sun kuma auna abin da iyayenmu mata suka daɗe da sani. A 2015 masu bincike a Jami'ar Oxford sun bi azuzuwan manya na tsawon wata bakwai, wasu na koyon waƙa, wasu sana'ar hannu ko rubutu. A ƙarshe duk sun shaƙu da juna, amma masu waƙa sun riga kowa, tun a watan farko. A 2013 masana a Jami'ar Gothenburg ta Suwidin sun gano cewa bugun zuciyar masu waƙa tare yakan riƙa hawa da sauka lokaci guda, saboda numfashinsu ya daidaita.

Ma'anar wannan ga garin da ya cika da mutanen da aka raba da danginsu a fili take. Da wuya a samu hanya mai arha da sauri ta mayar da baƙo ɗan gari kamar a zaunar da shi cikin masu waƙa.

Asarar da ba a lissafawa

In sahun mawaƙa ya ragu, abin da ake rasawa ya wuce daɗin sujada. Waƙoƙin zumuntar mata da na Sabon Rai yawancinsu ba a rubuce suke ba. Suna zaune ne a ƙwaƙwalwar matan da suka ƙaga su da waɗanda suka amsa musu. Duk dattijuwar da ta rasu ba tare da matasa sun zauna kusa da ita ba, ta tafi da nata kason. Haka ma hannun da ya iya dukan tulu, da malamin da ya iya rubuta do-re-mi a allo.

Akwai kuma zumuncin. 'Yan ƙungiya ne ke zuwa asibiti da kwanon abinci, su ke kwana gidan makoki, su ke haɗa kuɗin makarantar maraya, su ke raka amarya. Gwauruwar da ke zumunta tana da mutum talatin da za su lura in ba ta zo ba. Saurayin da ke bita sau biyu a mako yana da manyan da ke ganin take-takensa kafin ya faɗa shaye-shaye. Wanda aka bari a bakin taga ya rasa duk wannan, unguwa kuma ta rasa shi.

Taimakon da baƙo ke nema

Abin da ake buƙata ba ya cin kuɗi mai yawa. Ƙungiyoyin da ke bunƙasa sukan yi tarayya a wasu halaye.

Suna faɗin abu a fili. Ranar bita, lokaci, wuri da wanda za a nema suna rubuce a allon sanarwa da Hausa da Turanci, ana kuma maimaita su da baki don wanda ba ya karatu. Suna amsa tambayoyin da baƙo ke jin nauyin yi tun kafin ya yi su: ko sai an gwada murya, nawa ake biya, ko za a iya zuwa da goyo, ko wanda ba a yi wa baftisma a nan ba zai iya shiga, da abin da zai faru in aiki ya hana mutum zuwa.

Suna naɗa mai karɓar baƙi a kowane sashe. Aikinsa ya tari sabon zuwa, ya tambayi sunansa da garinsu, ya zaunar da shi kusa da mai ƙarfin murya, ya raba littafi da shi, ya kuma neme shi in bai zo mako na biyu ba. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, zumunta kuma a ƙafa take.

Suna sassauta kuɗi. Ana ajiye 'yan riguna da zannuwa na aro, ana yafe wa sabon shiga tara da kuɗin wata na 'yan watanni, ana rage yawan sabon anko. Ana yin hakan a asirce, yadda babu wanda zai san wa ya saya wa ya ara.

Suna amfani da wayar da ke hannun kowa. Mai koyarwa ya rera wa kowane sashe muryarsa, a tura ta WhatsApp ko a zuba a katin waya, mutum ya koya yana wanke-wanke ko yana kan hanya. Wannan ya fi taimakon wanda ba ya karatu da wanda ya shigo a makare. Ta wannan hanya kuma za a iya naɗar tsofaffin waƙoƙi daga bakin masu su tun suna raye.

Suna tuna masu buƙata ta musamman: makahon da ke haddace waƙa da ji ɗaya, gurgun da matakalar dandamali ke hanawa hawa, tsohuwar da ba ta iya doguwar tsayuwa. Suna haɗa masu komawa unguwa ɗaya su tafi tare, su kuma tashi kan lokaci.

Mafi muhimmanci, suna tambayar baƙo abin da ya zo da shi. Matar da ta taso daga Gwoza ko Zangon Kataf ba hannu rabbana ta iso ba. Tana da waƙoƙin garinsu, da karin da ba a taɓa ji a wannan unguwa ba. Ranar da aka ce ta koya wa ƙungiya ɗaya daga ciki, ta daina zama wadda ake yi wa alfarma.

Nauyin da ke kan shugabanni

Fastoci da dattawan ikilisiya suna da rawar takawa. Su ke raba lokacin sujada, su ke yanke shawarar ko kuɗin baiko zai tafi ga sabuwar lasifika ko ga horar da masu koyar da waƙa. Majami'ar da ta ba kwaya, zumunta, Sabon Rai da band kowa lokacinsa, ta kuma sa su riƙa haɗa waƙa lokaci-lokaci, ta rage gaba tsakanin tsara da tsara. Makarantun tauhidi da na koyon Littafi Mai Tsarki za su iya mayar da koyar da waƙa darasi na gaske, tunda kusan kowane mai bishara da aka tura ƙauye shi ne zai zama malamin waƙa na farko a can.

Su kuma tsofaffin 'yan ƙungiya, waɗanda suka riƙe ta cikin rikici da talauci da annoba, sun cancanci yabo. Abin da ya rage musu shi ne su yarda cewa riƙon bai cika ba sai sun miƙa. Kowace ƙungiya za ta iya gwada kanta da tambaya ɗaya a taronta na ƙarshen shekara: mutum nawa ne suka shigo cikinmu bana, nawa ne daga cikinsu suke nan har yanzu, kuma waɗanda suka tafi, wa ya bi su ya ji dalili? Ƙungiyar da ke da amsar wannan tambaya za ta kai shekara ashirin masu zuwa da sahunta a cike.